Ku yi hattara da mai "saƙar Pikachu" ɗin nan, ta cinye min kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman masu yin odar kayan yara ta waya. Wallahi na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na rubuta, amma jiya na ga shafinta na Instagram ya dawo da sabon suna, hotunan kuma su ne dai, shi ya sa na ce shiru ba nawa ba ne.

'Yata mai shekara 8 ce ta maƙale wa katunan Pokémon ɗin nan na 'yan Japan, waɗanda tun 1996 ake buga su, kawunta ne ya kawo mata tsaraba, kullum tana jera su a tabarma tana faɗa min sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta fi so shi ne Pikachu, ɗan rawayan nan mai dogayen kunnuwa da baƙi a samansu da jan kumatu. To za a yi walimar saukar yayarta, sai ta ce ita abin kai na saƙa take so mai kunnuwan Pikachu, na ce in sha Allahu.

A Instagram na ga matar. Hotuna masu kyau kamar ka sa hannu ka ɗauka, har da wani mai kalar ƙwallon Pokémon ɗin nan ja da fari. Na yi mata magana, nan take ta amsa, "Hajiya ai wannan ƙaramin aiki ne, kwana 4 na gama miki", ta ce in auna kan yarinyar da tef in turo, ta tambayi ko ina son a rubuta sunanta a jiki. Wannan tambayar awon ita ta kwantar min da hankali, na ce lallai ta san aikinta. Muka yi ciniki a naira 12,000, ta ce sai an biya duka saboda zaren ulu ya yi tsada kuma ita ba ta fara aikin oda da kuɗinta. Da ta turo akawun sai na ga sunan namiji, na tambaya, ta ce na maigidanta ne nata yana da matsala. Na tura.

Bayan kwana 5 ta ce an gama, in turo 3,500 kuɗin mota za ta ba direba a tasha. Na ce ki ɗan ɗauko min hotonsa mana in nuna wa yarinyar, sai ta sake turo min hoton nan dai na shafinta, wai wayarta kyamarar ta fashe. A nan jikina ya fara sanyi amma walima ta matso kuma na riga na zuba kuɗi, na sake turawa. Washegari wani ya kira wai shi ne direba, motarsu ta lalace a hanya sai na ƙara 2,000 kafin ya ba yaron mota ya kawo. Na ce ba zan ƙara ko sisi ba. Kafin la'asar an yi blokin ɗina ta ko'ina, lambar direban ma ta daina shiga.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na kai wa Gwaggona hoton, ita da ta fi shekara 30 tana saƙa da kwarashi, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ce "ke 'yar nan, wannan ba hannu ne ya saƙa shi ba." Ta sa na buɗa hoton sosai, ta nuna min da farce. Saƙar kwarashi ido-ido take tafiya, kana iya ƙirga layinta tun daga farko har ƙarshe, amma a nan idanun sai su tafi su narke su zama kamar gashin bargo, wajen da rawaya ya haɗu da baƙi ma babu alamar an canza zare. Ta ce kunne mai tsawon nan ba ya tsayuwa haka sai an cusa auduga ko an sa waya a ciki, kuma dole a ga ɗinkin da aka haɗa shi da gindin. Babu. Ashe irin hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira ne, sauran kuma ƙanena ya bincika ya gano na wasu masu saƙa ne a ƙasar waje, an yanke sunansu daga ƙasan hoton.

Don Allah duk wadda za ta yi irin odar nan, ki ce a yi miki bidiyo kol ki ga kwarashin da zaren a hannunta tana aikin, ko ta rubuta sunanki a takarda ta ajiye kusa da kayan ta ɗauka. Mai sana'ar gaskiya wannan ba ya yi mata wuya. Kar ki biya duka, ki ba da kuɗin zare kawai, kuma in sunan akawun ya bambanta da na mai shafin ki tsaya. Ni na ajiye rasit ɗin tiransfa da hirarmu duka, na kai ƙorafi banki sun karɓa, duk wadda aka yi wa irin haka ta ajiye nata ita ma kar ta goge don haushi.

Walimar dai ta wuce da ɗankwali yarinyar ta je, ta yi kuka ranar. Shekaranjiya na shiga kasuwa na sayo ulu rawaya da baƙi da ɗan ja na kai wa Gwaggo, ta aza katin a gabanta tana kallo tana saƙawa, kunne ɗaya ya tsaya, ta ce in Allah ya kai mu Asabar a zo a gwada.