Kashbak, tara maki, da wancan link ɗin da aka turo miki

Hajiya kin tambaya wanne yafi kawo kuɗi tsakanin kashbak ɗin da manhajoji irinsu OPay da PalmPay suke bayarwa da kuma tsarin tara maki, sannan kince akwai wani link da ƙawarki ta turo miki wai a zuba dubu 5 na rijista ana danna kaya kullum ana samun kashbak. Toh bari in faɗa miki yadda nake kallonsu, dan ni ina saida data kuma duk na taɓa su banda na ƙarshen.

Shi kashbak, wato ɗan kuɗin da ake mayar miki bayan kin saya, gyara ne kawai. Kin san in kika auni gero kwano biyar mai awo ya ɗebo da hannu ya ƙara miki, to shine, sai kin saya ake baki, babu wanda ya taɓa cika rumbu da gyara. Inda kuɗin yake fitowa ma ba ɓoyayye bane, kamfanonin layi irinsu MTN da Airtel suna bawa dillalan kati kamasho, sai manhajar ta ɗan yago miki kaɗan daga nata dan kar ki koma wajen wani. Ɗauki misali ace kashi 2 cikin ɗari ake mayarwa, kika sa katin dubu 10 a wata, naira 200 kenan, kuɗin pure water da ɗan ƙosai. Amma wanda yake juya dubu 300 a wata wajen saida data irina, dubu 6 ce ta dawo masa kuma wlh tana rage zafi, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025. Kinga kenan girman cinikinki shine girman gyaranki. Sannan ki riƙa lissafawa da naira 50 ɗin nan da ake cira a transfa daga dubu 10 zuwa sama, transfa huɗu ta cinye miki 200 ɗin tas.

Abin da nake so da kashbak shine yana shigowa nan take kina gani, yawanci dai sai ki rage dashi a kati ko kuɗin wuta na gaba. Abin da bana so kuma, yadda yake sa mutum sayen abin da bai yi niyya ba, ace sai ka sa na dubu 2 zaka samu bonas, kai da na 500 ya isheka sai kaje ka ƙara. Riba ce wannan?

Shi kuma tara maki, wato a riƙa rubuta miki maki duk siyayya har su taru ki karɓi kaya da su, haƙuri yake so, kuma makin ba kuɗi bane, alƙawari ne a littafin mai shago, shi ke yanke darajarsa shi ke canza ta ran da yaga dama. Ni akwai wani babban kanti da nake siyayya na tara maki wajen shekara ina jin daɗi, rannan naje da kwando cike na miƙa katin makin, yarinyar da ke kan na'ura ta duba tace ai sun ƙone tun watan jiya, haka na ciro kuɗi na biya ina murmushin yaƙe ga layi a bayana. Inda maki yake da amfani sosai shine wajen matafiya, 'yan kasuwarmu na Kwari da Sabon Gari masu zirga-zirgar Chana da Dubai, wanda ke hawa Ethiopian Airlines yana tara makinsu na ShebaMiles yana iya kaiwa ga tikiti ko a ɗaga masa kujera, dan tafiya ɗaya ma doguwa ce. Ke da siyayyarki ta kayan miya da kati ce, kashbak ya fiye miki nesa ba kusa ba.

Yanzu link ɗin ƙawarki. Hajiya dan Allah kar ki zuba. Su waɗancan biyun ba'a biyan ko sisi kafin a shiga, kuma akwai kayan da kika saya a hannunki, shi wannan me kika saya? Kuɗin sabon shiga ake ɗiba a biya tsoho, sunan kashbak ɗin ado ne kawai aka yafa masa, shi yasa zaki ga sun matsa sai kin kawo mutum uku kafin ki cire. Haka tsarin zuba kuɗi na MMM ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, haka manhajar zuba jari ta CBEX ta nutse da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 har EFCC ta shiga maganar, kuma duk da farko biya suke yi tsaf. Ita ƙawar taki ba lallai cutarki take son yi ba, ƙila an biya ta sau biyu ne ta yarda. Ki ce mata ta gwada cire uwar kuɗinta gaba ɗaya yau ɗin nan ta turo miki alat mu gani.