Abin da idona ya gani a ɗakin foka na Las Vegas

Jama'ar gida, kafin wani ya ce Amurka ta lalata ni, bari in wanke kaina: ban zauna ba, ban sa ko sisi ba. Wayar fasinja ce ta kai ni. Shekara huɗu ke nan ina tuƙin tasi a Las Vegas, kullum ina sauke mutane a ƙofar gidajen caca, amma ƙafata ba ta taɓa wuce dokin ƙofa ba. Ran nan wani dattijon Bature ya manta wayarsa a kujerar baya. Matarsa ta kira, ta ce yana ɗakin foka, wato wani wasan caca na karta, in taimaka in miƙa masa. Na yi a'uzubillahi na shiga.

Na tarar da shi a tsakiyar wasa, ya yi mini alama da hannu in dakata. Tsayuwar da na yi ta kusan rabin awa, da ɗan bayanin da ya yi mini daga baya, su ne duk karatuna a wannan fanni.

Kartar dai irin tamu ce, guda 52, kubi da zi da kuri da subata. Nau'in da aka fi bugawa shi ne Texas Hold'em. Kafin rabo, mutum biyu na jere za su ajiye kuɗin dole, ƙarami da babba, don kada tsakiya ta zama wayam. Sai a ba kowa karta biyu a kife, ya leƙa shi kaɗai. Daga nan mai rabo zai buɗe uku a tsakiyar tebur, sai ɗaya, sai ta ƙarshe, biyar ke nan, kuma na kowa ne. A kowace gaɓa zagaye na zuwa kanka: ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka tura kartarka ka haƙura. In ba wanda ya zuba komai, ka ƙwanƙwasa tebur a wuce ka. A ƙarshe kowa zai haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin. Biyu masu lamba ɗaya sun fi warwara, irin wannan biyun sau biyu sun fi su, uku sun fi, sai biyar a jere, sai biyar masu fure ɗaya, sai uku da biyu a haɗe, sai huɗu, can ƙololuwa kuma jere mai fure ɗaya. Amma dattijon ya ce rabin wasan burga ce. Kana riƙe da shara, ka zuba kuɗi fuska a murtuke, mai kartar kirki ya tsorata ya janye, ka kwashe ba tare da ka nuna komai ba.

To ga abin da ya hana ni barci. Wani saurayi mai hular hana-sallah yana riƙe da sarki biyu, ga na uku ya fito a tsakiya. Ya tura duk abin da ke gabansa, ya haura dala 600. Dattijona ya bi. Aka buɗe ta ƙarshe, kubi, ta cika wa dattijon kubi biyar. Ni da ba kuɗina ba sai da gabana ya faɗi. Na ja da baya ina jiran a kife tebur. Yaron nan ya ɗan bubbuga tebur da yatsa, ya ce wa dattijon ya yi kyau, ya miƙe ya tafi. Shi ke nan fa!

Ku tuna 'yan karta na bayan tasha. Kartar ta yi baƙi ƙirin da gumi, kowa ya san sarkin da kunnensa ya yage, wani ya cusa ɗaya a ƙarƙashin tabarma. A kan naira 200 za ka ji “wallahi coge ka yi”, a ci kwala, wani lokaci har a zaro wuƙa. A nan inji ne ke cakuɗa karta a cikin tebur, mai rabo yakan jefar da ta sama kafin ya buɗe, kyamarori kuma sun cika rufi. Kartar da gidajen suka gama da ita ma sai an datse mata kusurwa ko an huda ta kafin a sayar wa baƙi a matsayin tsaraba, don kada wani ya dawo da ita tebur.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wurin karɓar kuɗi. Dattijon ya kai 'yan kwabbansa masu launi da ake wasa da su a madadin kuɗi, matar da ke aiki a wurin ta jera su, ta ƙirga dalolin a gabansa ɗaya bayan ɗaya, ko minti biyu ba a yi ba. Ba “netwok ya ɗauke”, ba “babu canji”, ba “dawo gobe”. Na tuna hutun da na zo gida, na yini a layin banki a kan kuɗina na halal. Wato masu sana'ar haram sun fi mu riƙon amanar ciniki? Kunya ta kama ni.

Kada dai ku ruɗu. Tun 1931 jihar Nevada ta halatta caca, sun daɗe suna goge tarkonsu. Ɗan ƙasa da shekara 21 ba ya zama. Babbar gasar foka ta duniya da aka fara a garin nan a 1970, kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne. Gidan kuma yana yankar la'adarsa daga kusan kowane hannu, ko wa ya ci. Ni ne ke ɗaukar waɗanda aka cinye da ƙarfe huɗu na asuba, shiru kamar masu dawowa daga jana'iza. A irin wannan lokacin nake kewar hayaniyar 'yan dara a gindin darbejiya, da mai shayin unguwarmu, inda asarar mutum ba ta wuce a yi masa dariya.

Da zan tafi, dattijon ya miƙo mini koren kwabo na dala 25 tukuici. Na ce addinina ya hana. Ya yi dariya, ya buɗe walat ya ba ni takardar dala 20. Na karɓa, sai a mota na fara tunanin ko ita ma daga teburin ta fito. Tana nan a aljihun gaban mota ban taɓa ta ba. Yaya, don Allah in ka je karatun magariba, ka tambayar mini Malam.