Asabar uku a cikin kwalekwale

Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, ruwan da na sani bai wuce na kwata da na rafin Odaw ba, wanda ko akuya ba ta marmarin tsoma ƙafa. Yarona ne ya ja ni zuwa slalom, wasan tuƙa kwalekwale ta cikin ƙofofi. Ya ga bidiyon Benjamin Boukpeti, wanda ya ciyo wa Togo tagulla a wannan wasan a Olamfik ta Beijing a 2008, lambarsu ta farko, har ya karya filafilinsa don murna. Tun daga nan ya hana ni sakat: "Baba, in maƙwabtanmu sun iya, mu fa?" Sai na biya mana darasi uku a wani wurin shaƙatawa mai tafki a nan Accra.

Mai koyarwar ya san aikinsa, wannan kam ba a cewa komai. Ya ɗaura igiya daga bishiya zuwa bishiya, ya rataye bututun roba bibbiyu da ya shafa wa fenti, su ne ƙofofin. Koriya ana shigarta ta inda ruwa ya nufa, ja kuma sai ka wuce ta, ka juyo, ka shige ta kana fuskantar ruwan. A gasa, taɓa sandar ƙofa daƙiƙa 2 ce ake ƙara wa lokacinka, tsallake ƙofa kuwa 50, wato ka tattara ka koma gida. Ya nuna mana bambancin kwalekwalen da ake zama da filafili mai baki biyu, da wanda ake durƙusawa da mai baki ɗaya. Na durƙuson na gwada minti biyar, gwiwoyina suka ce sun tuba.

Abin da ya fi zauna mini shi ne juyi a jar ƙofa. Ina ta kokawa da hannu, hancin kwalekwalen na nufar ciyawa. Mai koyarwar ya matso ya ce, "Alhaji, bar faɗa da ruwa. Kafa filafilin, ka juya ƙugu, idonka a inda za ka." Na yi, sai ga shi ya kewayo kamar ba shi ba. Ranar ƙarshe kuma na kife, na fito da gansakuka a gemu, yaron na dariya har da hawaye.

Inda suka gaza: rigunan ceto na yara biyu ne kacal, sai da muka yi zaman jira a rana, kuma maɗaurin hular kwanon da aka ba ni ya tsinke. Sannan tafki tafki ne. Ruwan kwance yake, ba igiyar ruwa ba duwatsu, alhali asalin wasan a ruwa mai gudu da kumfa ake yin sa, ƙofa 18 zuwa 25. Jar ƙofarmu ja ce a fenti kawai.

Don koyon riƙon filafili da cire tsoron ruwa, kuɗina bai tafi a banza ba. Yaron dai yanzu ya fara tambayata nawa ne kuɗin mota zuwa Akosombo, garin da ke bakin kogin Volta.