Liyari huɗu da na saya wurin dillalin WhatsApp, ɗaya ya fito jabu

Na bari sai da kwana goma suka wuce kafin in rubuta wannan, don kada zafin rai ya sa in zalunci bawan Allah. Masu harkar tsofaffin sulalla a nan Maradi sun san dillalin da nake nufi, wanda yake shimfiɗa kayansa bisa jan ƙyalle ya saka hotuna a WhatsApp kowace Alhamis da dare. Ba zan kama suna ba.

Ni dai liyari nake tarawa, azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tareza a gaba da gaggafa mai kai biyu a baya. Kakata ce ta bar mini guda biyu, takan ce a ɗaure cikin zane ta fito da su daga tsohon gari shekarar da gulbi ya ci Maradi, 1945. Tun daga nan in na samu rara sai in ƙara ɗaya. Ina da dalar Faransa ta azurfa guda uku, mai giram 25, wadda har yau sunanta muke kiran sefa biyar da shi, amma zuciyata tana wurin liyari.

Da na ga ya saka guda huɗu baƙaƙe wuluk, irin baƙin da azurfa take yi in ta daɗe a ajiye, ban yi barci ba sai da na kira shi. Ya ce, "Malam, waɗannan tsohon bugu ne, daga tukunyar wata tsohuwa suka fito." Ya ɗora jikka biyar bisa kowane a kan kuɗin da kowa ya sani. Na yarda. Sharaɗina ɗaya, ba zan tura kuɗi ba sai kaya sun zo, saboda malamai sun ce cinikin zinariya da azurfa hannu da hannu ake yin sa. Bai musa ba.

Yaronsa ya iso shagona bisa kabu-kabu ana kiran Magariba, ga shi an ɗauke wuta. Da fitilar salula na duba, na ƙirga huɗu, na ba shi kuɗi, na tafi masallaci. Da safe na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan yatsa ina ƙwanƙwasawa da wata dala. Uku suka yi ƙara doguwa mai zaƙi, irin wadda take bin kunne har ta ɓace. Na huɗu ya yi kwas, ya yi shiru. Na sake, haka. Gabana ya faɗi. Na kawo mayen ƙarfe, bai kama shi ba, na ɗan ji sanyi, amma na san tagulla ma mayen ƙarfe ba ya kama ta.

Ban ko buɗe shago ba na nufi wurin tsohon maƙerin farfaru da nake kai wa kaya a gefen babbar kasuwa. Na ce, "Baba, auna mini waɗannan." Liyari na gaskiya giram 28 ne da ɗan ɗigo, kuma cikin kashi 1,000 kashi 833 azurfa ne, sauran tagulla. In ya sha hannu yakan ragu kaɗan, ba da yawa ba. Na farko ya ba da 28, na biyu 27.9, na uku 27.7. Na huɗu ko 24 bai kai ba. Baba bai ce komai ba, ya juya shi ya nuna mini baki. A bakin liyari akwai rubutun Latin da ya zagaye shi, JUSTITIA ET CLEMENTIA, haruffan a tashe, kana jin su da farce. A wannan kuwa sun cakuɗe kamar an taka laka, ga wani siririn layi inda bakin zubi ya haɗu. Ya tambaye ni ko ya sa magagari, na ce sa. Goga biyu kawai, sai ga rawaya ta leƙo. Tagulla ce aka zuba aka shafa mata ruwan azurfa. Wallahi a wurin ji na yi kamar an mare ni gaban jama'a, ba don kuɗin kaɗai ba, don na riga na jera shi kusa da na kakata a daren.

Na kira dillalin ina shirye da faɗa. Abin mamaki, ko gardama bai yi ba. Ya ce, "Innalillahi! Malam, tsaya nan, ga ni nan zuwa." Kafin rabin awa ya iso da kansa, ya gaida Baba, ya duba gurbin magagarin, ya ce cikin tarin kaya ya saye shi kuma bai auna ɗaya-ɗaya ba. Ya ba ni haƙuri ya fi sau biyar. Ya ciro wani liyari daga aljihu, Baba ya ɗora a sikeli, 27.8, ƙara kuma tas. Har kuɗin awo shi ya biya. Na sha cin karo da masu sayar da kaya da in ka koma sai su ce ai kai ka musanya, don haka wannan hali ya burge ni ƙwarai. A ranar na faɗa wa abokaina biyu cewa mutumin kirki ne, su saya wurinsa ba fargaba.

Sai da dare, da hankalina ya kwanta na baje su bisa tabarma, abin da tashin hankalin jabu ya rufe mini ido a kai ya dawo. Ina baƙin da na gani a hoto? Duka an goge su fes, suna walƙiya kamar sabon faranti. In ka karkata su ga fitila sai ka ga ƙananan zane-zane a fuskar sarauniyar, alamar toka da tsumma ko man goge ƙarfe. Na tambayi dillalin, ya ce yaronsa ne ya wanke don su yi kyau. Kyau a wurin wa? Mai ƙera awarwaro bai damu ba, narkarwa zai yi. Amma ni baƙin nan na saya, shi na biya wa jikka biyar-biyar.

Ga dalilin da abin ya ci mini rai. Kowane liyari da za ka gani a kasuwa 1780 ne a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin tun daga lokacin ba a sake canza shekarar ba. An buga shi a Landan, an buga a Paris da Roma da Bombay, kuma har yanzu ana buga sabo a Biyana ta ƙasar Ostiriya da wannan 1780 ɗin. Saboda haka shekara ba ta gaya maka komai. Wanda ya biyo ayari ta hamada tun zamanin da Barth, Baturen Jamus, ya ratsa Tasawa da Katsina ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canza liyari ɗaya wuri 2,500, da wanda aka buga bara, lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Ɗan abin da irina yake dubawa shi ne yadda hannu ya cinye ƙananan duwatsun adon kafaɗar sarauniya, da dattin da ya zauna tsakanin haruffa. An goge mini rabin shaidar. Yanzu ko ni ban iya rantsuwa cewa tsohon bugu ne ba, balle in na tashi sayarwa.

Wanda ya musanya mini ma da na duba da kyau, akwai tabon lahami a samansa. An taɓa maƙala masa kunne aka rataya a wuya, daga baya aka yanke aka goge wurin. Azurfa ce, ban musa ba, amma ya san da tabon bai faɗa ba, ni kuma murna ta hana ni juya shi a gaban Baba. Na nemi ya mayar mini da ƙarin jikka ashirin ɗin, ya ce ciniki ya riga ya faɗa, sai dai ya rage mini a gaba.

To, uku na farko nauyinsu ya cika, kuma bai gudu ba da aka kama jabu, wannan na ba shi. Amma na koma wurin abokan nan biyu na gyara maganata: in za su saya, da rana tsaka, a gaban sikelin maƙeri, kuma su biya kuɗin azurfa kawai, kada su ƙara ko dala don labarin tukunya.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne jabun. A wurin Baba na ce a sare shi biyu da kurfi kowa ya huta. Dillalin ya ce a'a, zai mayar wa wanda ya sayar masa, ya jefa shi aljihu. Ranar Litinin na tura masa saƙo ina tambaya ko ya mayar, in kuma bai mayar ba ya kawo a sare, ni zan biya aikin. Alama ta nuna ya karanta tun a ranar, har yau bai amsa ba.