Sharhina kan yawon ramukan Cu Chi da gidan tarihin yaƙin Biyetnam

Jama'a duk wanda harkar sari ta kai shi birnin Ho Chi Minh, ko tufafi ne ko takalma ko gashin nan da 'yan uwanmu mata ke sarowa, kuma ya samu rana ɗaya yana zaman jiran kaya, toh ya biya kuɗin yawon ramukan Cu Chi, wato hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da mayaƙan kwaminis suka ɓuya a ciki suka yaƙi Amurka. Amma dan Allah kar ya tsaya nan, ya haɗa da gidan tarihin yaƙi da ke cikin gari. Na yi duka biyun, ga abin da na gani.

A otal na yanki tikiti, kuɗin bai da yawa, bas ta zo da sassafe da AC da ruwan gora da ɗan jagora mai jin Turanci. Wurin kamar kilomita 70 ne daga gari amma da cunkoson baburan nan nasu sai da muka ci wajen awa biyu. Abin da ban ji daɗi ba a hanya, sun sauke mu wani wurin sassaƙa da zane inda naƙasassu ke aiki, aka ce gubar da aka fesa lokacin yaƙi ce ta naƙasa su, mutanen wallahi abin tausayi ne kuma aikinsu na da kyau, sai dai farashin shagon ya yi tsada sosai kuma ba a gaya mana tun farko za a tsaya ba.

Shi jagoran ya san aikinsa. Tun a mota ya faro tarihin, yadda 'yan Biyetnam suka kori Faransa a Dien Bien Phu a 1954, aka zauna a Jeniba aka raba ƙasar biyu, Arewa hannun Ho Chi Minh da 'yan kwaminisanci, Kudu kuma Amurka ta tsaya mata. Tsoron Amurka shi ne in Biyetnam ta faɗa hannun kwaminisanci toh maƙwabtanta za su bi ɗaya bayan ɗaya. Da farko kuɗi da makamai da masu horar da sojoji take turowa, sai rikicin tekun Tonkin a Agustan 1964 ya ba shugaba Johnson dama, a Maris 1965 sojojin ƙundunbalanta suka sauka Da Nang, kafin 1969 sun haura dubu 500.

Toh sai ka iso Cu Chi ka ga da me aka yaƙi wannan rundunar. Jagora ya tsaya a wani fili cike da busassun ganye ya ce mu nemo ƙofa, muka yi ta dube-dube babu wanda ya gani, ya sa ƙafa ya share ganyen sai ga ɗan murfin katako da ƙyar kafaɗun mutum za su wuce. Ramukan an ce sun kai kilomita 250, wasu hawa uku a ƙarƙashin ƙasa, da fartanya da kwando aka haƙa su tun zamanin yaƙi da Faransa, akwai ɗakin jinya, akwai rijiya, akwai kicin da aka yi wa hanyar hayaƙi mai nisa ta yadda hayaƙin zai fito can gefe kaɗan-kaɗan jirgi ba zai hango ba, hanyar shan iska kuma an ɓoye ta cikin abin da ka rantse surin gara ne. Amurkawa sun kafa babban sansani a yankin ashe ramukan na ƙarƙashinsu. Sun kawo manyan farmaki a 1966 da 1967, sun tura sojoji masu ƙaramin jiki da tocila da ƙaramar bindiga cikin ramin, daga baya jiragen B-52 suka yi ta ruwan bama-bamai, har yau ga manyan kwazazzaban da suka bari bishiyoyi sun tsiro a ciki.

Na shiga ɓangaren da aka faɗaɗa saboda baƙi. Duk da faɗaɗawar a tsugune kake tafiya, wani wurin rarrafe, zafi da duhu da warin ƙasa, gumi ya jiƙa min riga sharkaf kuma a ƙofar fita ta farko na fito, na tsaya ina tunanin mutanen da suka yi watanni a ciki da zazzaɓin cizon sauro da kunamu, mata har haihuwa suka yi a ciki. Bayan nan aka kawo mana dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa da gishiri da shayi, wai abincin mayaƙan kenan, ɗanɗanon sak rogo da ƙuli na gida.

Abin da ya ɓata min rai shi ne filin harbi. A tsakiyar wurin ake sayar da harsashi, ka biya ka harba AK-47 ko M16, ƙarar tana tashi ba ƙaƙƙautawa, matasa na shewa suna ɗaukar bidiyo. Ƙasar da dubban mutane suka mutu a cikinta fa. Haka wajen nuna tarkunan gora masu tsini, ana nunawa ana dariya, alhali wanda ya faɗa ciki sau da yawa yaro ne ɗan shekara sha tara ko ashirin da aka tilasta masa shiga soja, irin tilascin da Muhammad Ali ya ƙi a 1967 har aka ƙwace masa kambunsa. Ban harba ba kuma ban ba kowa shawarar ya harba ba.

Shi ya sa nake cewa a je gidan tarihin, War Remnants Museum sunansa, yana tsohuwar gunduma ta 3. A tsakar gida akwai tankoki da jirage masu saukar ungulu da Amurka ta bari, amma a sama abin yake. Ɗakin gubar Agent Orange, wadda aka yi ta fesawa kan dazuka da gonaki har zuwa 1971 don a kashe ganye a tona maɓoyar mayaƙa, hotunan yara ne da aka haifa ba hannu ba ƙafa, wasu jikokin waɗanda aka fesa wa ne. Ga hotunan ƙauyen My Lai inda sojojin Amurka suka kashe mutum sama da 500 ranar 16 ga Maris 1968, akasari mata da yara da tsofaffi. Na ga wani dattijo Bature zaune kan benci ya rufe fuska da hula yana kuka, ban iya gama ɗakin ba sai da na fita na sha iska. Amurka ta rasa sojoji sama da dubu 58, su kuwa 'yan Biyetnam gwamnatinsu ta ce sun rasa mutum kusan miliyan 3.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, duka wuraren biyu bakin gwamnati ɗaya suke magana da shi, kuma inda na fi jin giɓin shi ne labarin janyewar Amurka. Za a gaya maka farmakin Tet da 'yan kwaminis suka kai lokacin bikin sabuwar shekararsu a Janairun 1968 ya karya wa Amurkawa gwiwa a gida, shugaba Nixon ya fara kwashe sojoji yana cewa na Kudu su karɓi yaƙinsu, aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Faris 27 ga Janairu 1973, sojojin ƙarshe suka fita ƙarshen Maris, sannan 30 ga Afrilu 1975 tankokin Arewa suka fasa ƙofar fadar shugaban Kudu a Saigon, wato birnin Ho Chi Minh na yanzu. Duk haka ne. Amma ban ga inda aka yi maganar fararen hula da 'yan kwaminis suka kashe a birnin Hue a 1968 ba, ko mutanen Kudu da suka yarda da alƙawarin Amurka, tafintoci da direbobi da ƙananan sojoji, jirage masu saukar ungulu suka kwashi kamar mutum dubu 7 a kwana biyun ƙarshe aka bar sauran suna kallon sama, aka tura dubun dubatarsu sansanonin gyaran tunani wasu shekara da shekaru, wasu ɗaruruwan dubbai suka shiga kwale-kwale suka faɗa teku da yawa ba su kai ba. Na tambayi jagoranmu a gefe, ya ce kakansa sojan Kudu ne, daga nan ya canza magana, ni ma ban matsa ba.

Wanda zai je ya sa tufafin da bai damu su yi datti ba da takalmi sawu ciki, ya riƙe maganin sauro, mai hawan jini ko asma ko tsoron matsatsi kar ya shiga ramin, ba dole ba ne, daga sama ma za ka ga komai. Wuraren shiga biyu ne, Ben Dinh ya fi kusa kuma nan yawancin bas ke kai mutane, Ben Duoc ya fi nisa amma ba cunkoso, in da hali a tambaya kafin a biya. Abincin rana kuma kar a dogara da nasu saboda naman alade, a bari a dawo gari, akwai gidajen abincin halal a layin Nguyen An Ninh kusa da kasuwar Ben Thanh, ga kuma babban masallaci a titin Dong Du in sallah ta kama ka. Gidan tarihin kuma ni dai ba zan kai ƙananan yara hawan sama ba.