Hukumar da ta kai ni Antatika: tauraro huɗu, na biyar ɗin akwatina ya tafi da shi

Tunda na dawo daga Antatika tambaya biyu ake mun, ya sanyi, kuma ka ga fengwin, tsuntsun ƙanƙaran nan da ba ya tashi. Sanyi kam akwai shi, fengwin kuwa ko ɗaya ban gani ba, don inda muka yi aiki ɗaruruwan kilomita ne daga bakin teku, ko ƙuda babu balle tsuntsu. Abun da ba wanda yake tambaya shine waye ya kai ka, waye ya ciyar da kai, waye ya dawo da kai da yatsunka ashirin cif. Wannan aikin hukumar binciken ƙanƙara ne ta ƙasar da jami'armu ke haɗin gwiwa da ita, kuma ita nake so in auna yau kaman yanda mutum zai auna kamfanin da ya yi masa aiki. Ba zan kama sunanta ba sabida akwai ƙorafi a ciki. Maki dai huɗu cikin biyar na ba su.

Ga wanda bai san yanda tsarin yake ba, ba wai kawai za ka sayi tikiti ka ɗau jaka ka tafi yin bincike bane. Nahiyar ba ta kowa bace, yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a Washinton a 1959 ita ke riƙe da ita, kuma duk ƙasar da ke aiki a can tana da hukumarta mai kula da tasha da jirage da mai da abinci da likita. Ingila na da British Antarctic Survey, Jamus na da cibiyar Alfred Wegener mai tashar Neumayer III, Afirka ta Kudu na da tashar SANAE IV da jirgin ruwanta S.A. Agulhas II, Amurka na da tashar McMurdo da tashar da ke kan tsakiyar kudun duniya. Shugabanninsu ma suna da majalisa, COMNAP, tun 1988, inda suke aron juna jirgi da fili. Kai mai bincike abun da hukumar ke sayar maka a zahiri kwanaki ne, kwanakin da za ka tsaya a kan ƙanƙara na'urarka na aiki. Ni kwana 68 na yi a nahiyar, na yi aikin gaske a 23. Da wannan lissafin nake auna su.

Aikina ba wani abun burgewa bane a ido, rada muke ja a bayan babur ɗin ƙanƙara tana harba sigina ƙasa tana dawo mana da kaurin ƙanƙarar da layukan da ke cikinta, sannan mu haƙo gajerun sandunan ƙanƙara don a gwada. A tsaka-tsaki kaurin ƙanƙarar nahiyar ya kusa kilomita 2, wasu wuraren ya haura 4, kuma da za ta narke duka teku zai tashi kusan mita 58, toh kun ga dalilin da yasa gwamnatoci ke zuba kuɗi a wajen da ba a noma ko ƙwaya ɗaya.

Bari in fara da takardu don nan ne na kusa cewa na fasa. Shekara biyu kafin tafiya aka fara, fom ɗin neman tallafin fili, fom ɗin tasirin aikinka ga muhalli, fom ɗin sinadarai, fom ɗin batir, fom ɗin nauyin kaya wanda sai ka rubuta har sukurun da za ka ɗauka. Na muhallin ban ga laifinsu ba, ƙa'idar Madrid ta 1991 ce ta wajabta, ita ce ta hana haƙar ma'adinai, ita ce ma ta sa aka kwashe karnukan jan keke kakaf a 1994. Amma shafin da ake cike fom ɗin wallahi sai addu'a, ka cike shafi tara ka danna gaba ya watsar da kai ka koma farko, na aika imel sai bayan sati biyu aka amsa mun da cewa in gwada wata kwamfutar. Gwajin lafiya kuwa tun daga jini har zuciya har haƙori, haƙorina guda da bai taɓa mun ciwo ba aka ce sai an cire. Na yi ta mita har likitar ta tambaye ni ko na san labarin Leonid Rogozov, likitan Rasha da a 1961 a tashar Novolazarevskaya ya yi wa kansa tiyatar afendis da hannunsa don babu wani likitan kuma babu jirgin da zai zo. Na buɗe baki nace cire.

Horon kafin tafiya sun ciri tuta, ba ni da abun cewa. Sun koya mana ɗaure igiya, fito da mutum daga tsaguwar ƙanƙara, kafa tanti cikin iska da safar hannu mai kauri, kunna risho ba tare da ka ƙona tantin ba. Akwai wani darasi da aka kifa mana farin bokiti a ka aka ce mu nemo abokinmu da ya ɓace, muna riƙe da igiya ɗaya muna ta karo da juna muna dariya. Sati huɗu bayan nan na fita daga tanti zuwa na bayan gida, taku bai fi ashirin ba, iska ta taso da gari na miƙa hannu ban ga safar hannuna ba, sama fari ƙasa fari, igiyar da jagorarmu ta ɗaura tsakanin tantunan ita na bi da lalube na koma. Ranar ban yi dariya ba.

Kayan sanyin da suka raba mana ma ba laifi. Babbar rigar kaman ka shiga bargo, takalmin mai ciki biyu, tabarau kala biyu don hasken da ke dawowa daga ƙanƙara yana ƙona ido. Safar hannun ce dai ba a yi ta don mai murɗa ƙananan wayoyi ba, dole ka cire ka yi aikin minti ɗaya ka mayar ka cusa hannun a hammata. Kafin mu hau jirgi sai da aka bi aljihunanmu da maƙalen riguna da injin zuƙe ƙura kar mu kai irin ciyawa can.

Daga Kef Tawun ta Afirka ta Kudu muka tashi a Ilyushin 76, ƙaton jirgin kaya, kusan awa shida babu taga sai allo, ka shiga da 'yar shat ka sauka a kan shuɗiyar ƙanƙara da duk kayanka a jiki. Daga nan Basler ta kwashe mu, wato tsohuwar DC-3 ta shekarun 1940 da aka yi wa sabon inji da takalman sulɓi, sai ƙaramin jirgi Twin Otter ya ƙarasa da mu sansani. Matuƙan nan ban san me ake biyansu ba amma ko nawa ne bai kai ba.

Yanzu ga inda tauraron ya faɗi. Akwatunana bakwai ne, na rufe su na miƙa tun wata huɗu kafin tafiya kaman yanda suka ce, kowanne da lamba da nauyi da jan tambari. Na isa tasha na ƙirga shida. Na bakwan shine mai eriyar rada da wayoyinta, wato in babu shi sauran shidan kujerun zama ne kawai. Na je wajen mai kula da kaya ya duba takarda yace ya iso, nace ina yake, yace takarda ta nuna ya iso. Washegari aka ce yana jirgi mai zuwa, jirgi ya zo babu, aka ce yana kwantenar da tarakta za ta jawo daga bakin teku, tarakta ta zo babu, ana ta gafara sa ba mu ga ƙaho ba har kwana tara, kuma cikin taran nan kwana shida sama tas take babu iska ko kaɗan, irin ranakun da mutum zai yi shekara yana roƙo. Ina zaune a ɗakin cin abinci ina kallon rana ta taga, ranar da ba ta faɗuwa balle ka ce gari ya waye an wuce wajen. Ƙarshe wani dattijon makanike ne ya gano shi, a cikin kwantenar kayan gyaran janareto, wani ya manna masa tambarin sashensu a kan nawa tun a sito. Ya turo shi a kan keken ja har ƙofa yace yaro wannan naka ne ko, ya fi sati yana tare mun hanya. Kuskure kowa na yi, ban ce ba, abun da ya ƙona mun rai shine babu wanda ya iya cewa ba mu san inda yake ba, da an faɗa tun ranar farko da mun bazu mun buɗe kwantenonin da kanmu, tashar duka ba ta kai girman da za a kwana tara ana nema ba. Kuma har yau rahoton da na rubuta ba a amsa ba.

Sauran kwanakin da suka salwanta iska ce ta ci, wannan ba laifin kowa bane. Iskar da ke gangarowa daga tudun tsakiyar nahiyar sanyi ne ke sa ta yi nauyi ta zubo ƙasa kaman ruwa, in ta fara sai ta kwana uku huɗu. A nan ne na ga amfanin mai hasashen yanayinsu, kullum da safe zai faɗa maka gaskiya ko ba ta maka daɗi, in yace ba tashi toh ba tashi, ko farfesa ne kai.

Jagorar filinmu ita kaɗai ta isa tauraro biyu. Mace ce 'yar hawan duwatsu, ba ta da yawan magana, zuwanta na shida kenan. Mu huɗu ne a sansani cikin tantunan nan masu tsini irin na zamanin Scott, Baturen Ingila da ya binciki nahiyar fiye da shekara ɗari da suka wuce, masu jure iska sosai, kuma ita ke lissafin kananzir, ita ke duba na'urar hayaƙi don risho a rufaffen tanti yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji warin komai ba, ita ke kiran tasha ta wayar tauraron ɗan adam ta Iridium ƙarfe takwas na dare kullum, in aka wuce lokaci ba a ji mu ba za a fara shirin nemanmu. Wata rana saura layi ɗaya in gama awon da na zo dominsa, kilomita goma sha biyu kacal, ta kalli gefen sama tace Dokta mu juya. Nace haba, awa ɗaya ce fa, tace na ji, mu juya. Na juya ina ƙunƙuni a cikin hula. Ba mu gama ɗaure baburan ba iska ta rufe mu, kwana uku muna kwance muna narka ƙanƙara a tukunya. Layin nan ban samu na yi shi ba har na taho, akwai rami a taswirata a wajen, kuma duk da haka in za a sake ita zan roƙa.

Abinci a tasha ya fi yanda na zata, kukun yana gasa burodi kullum, ranar da jirgi ya kawo ɗanyen tumatir da lemo kuwa sai ka ga manyan masana suna layi kaman yara. A sansani busasshe ne na leda ka zuba ruwan zafi, da man shanu da cakulan ba iyaka don jiki na cin abinci kaman injin. Wanka a tasha minti biyu ne, ba kullum ba, sabida duk ɗigon ruwa sai an ƙona mai an narka shi. Bayan gida a sansani bokiti ne mai leda, kuma ba a barinsa can, daskararre ake loda shi a jirgi a dawo da shi tare da duk wata shara, jirgin da ya ɗauko mu shi ya ɗauko shi, muna zaune muna kallon juna. Intanet a tasha yana ɗaukar saƙon rubutu, hoto sai ka haƙura da dare, na ji wasu tashoshin sun sa Starlink, Amurkawa sun fara gwada shi a McMurdo tun 2022, tamu dai lokacin ba ta kai nan ba.

Wani abun da ban gane ba sai da na je shine kusan duk kuɗin mai ne. Jirgin da zai kai ka nesa sai an riga an ajiye masa durom-durom a hanya, wani lokacin tun kakar bara, kuma kai durom ɗin can ma mai yake ci. Faransa da Italiya tarakta suke jerawa su ja kaya kilomita 1,100 daga gaɓa zuwa tashar Concordia, kuma kusa da can ne aka haƙo ƙanƙarar da ta ba da tarihin iskar duniya na shekara 800,000, sannan a farkon 2025 aka sanar an kai zurfin mita 2,800, ƙanƙarar da ta haura shekara miliyan ɗaya. Sunan masana ake gani a takarda, direban tarakta ba a ganin nasa. A tasharmu duk mai bincike ɗaya akwai mutum uku huɗu a bayansa, mai wuta, mai famfo, likita, mai oba-oba, shiyasa ma nake jin nauyin ƙorafin akwatin, amma dai ya faru.

Dawo da samfur sun yi shi yanda ya kamata. Sandunan ƙanƙarata sun bi jirgin ruwa a kwantena mai sanyi, an ce kar su haura digiri 20 ƙasa da sifiri, na saka 'yar na'urar auna sanyi a cikin kowane akwati don ban yarda da takarda ba kuma, bayan wata uku suka iso na zazzage bayanan na ga layi miƙe ɗoɗar, ko a tashar jirgin ruwa bai motsa ba. Wanda ya kula da wannan kwantenar ban san shi ba, Allah ya saka masa.

In za ka bi ta hannunsu ka raba kayan aikinka yanda ɓatan akwati ɗaya ba zai tsayar da kai ba, ƙaramin abun da ba shi da madadi ka sa shi a jakar hannunka ko da za ka bar rabin kayan sawarka, ka ɗauki hoton kowane akwati ta gefe huɗu, kuma ka nemi kwana ninki uku na abun da kake buƙata. Ni na riga na fara cike fom ɗin kaka mai zuwa don layin nan na kilomita goma sha biyu, jiya da dare ina shafi na takwas ya sake watsar da ni.