Kayan Share Fagen Karatu: Wanne Ya Kamata Malami Ya Fara Saya?

Malamin firamare a Jos da ke son ɗalibansa su fahimci labari, ba su tsaya ga furta kalmomi kawai ba, yana bukatar 'yan mintuna na share fage kafin a buɗe littafi, kuma kuɗin da ake ware wa wannan aiki bai taka kara ya karya ba.

Babban littafi mai hotuna shi ne ya fi dacewa da aji ɗaya zuwa uku, domin malami zai ɗaga bangon, ya karanta take, sannan ya tambayi yara abin da suke tsammanin zai faru. Sai dai yana da tsada, kuma a ajin da ya cika maƙil na baya ba sa ganin hoton. Wanda ba shi da hali zai iya sauko da labaran Hausa kyauta daga shafin African Storybook a intanet, ya buga su a manyan takardu.

Katunan kalmomi da ake sayarwa a shagunan littattafai na wajen kasuwar Taminus ta Jos suna da kyan gani, amma galibinsu na Turanci ne, kuma da wuya kalmominsu su dace da darasin ranar.

A ganina, kwali da alƙalamin maka sun fi su duka amfani. Da su malami zai zana jadawalin nan mai gida uku da Donna Ogle, wata masaniyar koyar da karatu 'yar Amurka, ta fito da shi a 1986: abin da muka sani, abin da muke son sani, da abin da muka koya. Idan darasin a kan haƙar kuza ne, yaro zai ambaci tafkunan da haƙar kuza ta bari waɗanda ya gani a hanyar Bukuru, wata yarinya ta tambayi dalilin da ya sa iyaye ke hana wanka a cikinsu, kuma da wannan tambaya ajin zai shiga karatun. A gefen kwalin ne kuma za a rubuta kalmomi masu wuya guda huɗu ko biyar, abin da ke taimaka wa yaran da ba Hausa ake yi a gidansu ba.

Majigi kuwa a bar shi sai ƙarshe, domin makarantar da ba ta da sola ko janareto za ta saya ne ta ajiye a ofishin hedimasta.